Karar da Ta Raba Ni da Ganguna

Daga saman bas na hango shi. Ina hanyar zuwa aiki, mun tsaya a danja a Oxford Road, ruwan nan na Manchester da ba ya sauka sosai ba ya kuma ɗaukewa yana ta tsiyaya a jikin gilashi, sai idona ya faɗa kan wani ƙaton hoto a bango. Mutum biyar sun jeru sun harɗe hannu, kowa ya ɗaure fuska kamar an hana shi tuwo, a ƙasansu an rubuta GWANGWANI da manyan baƙaƙe, wai za su yi gagarumin wasan tunawa da kafuwarsu a Birmingham. Huɗu daga cikinsu yara ne, Turawa, na tabbata lokacin da aka raɗa wannan suna wasunsu ko goyo ba a fara yi da su ba. Na biyar ɗin, na tsakiya, wanda ya rina gemu ya cusa kansa cikin wandon samari, Bulus ne. Na ce, "Ikon Allah," a fili, har matar da ke kusa da ni ta waiwayo. Ban yi mata bayani ba. Ta yaya zan ce wa baƙuwa, da sanyin safiya, ni ɗin nan mai kwanon abincin rana a cinya da ciwon gwiwa, ni ce makaɗiyar farko ta waccan ƙungiya, kuma a kicin ɗin uwata aka raɗa mata suna?

Fallowfield, unguwar Manchester ɗin da na tashi a ciki, ba wannan ba ne da aka cika da shagunan shayi masu tsada. Gidaje ne jere masu jan bulo da danshi a bango, ɗalibai a kowace ƙofa, kwalabe a bakin hanya ran Lahadi, mu kuma muna tsallake su da takalman coci. Babana karatu ya kawo shi daga kudancin Kaduna, aikin asibiti ya riƙe shi, muka biyo shi ina 'yar yarinya. Sujadar Hausa muke yi da yamma a wani zauren haya, bayan masu zauren sun gama tasu sun watse. Mama ce mai kiɗan tulu a zumuntar mata. Tulun nan a cinyarta ta rungumo shi tun daga gida har cikin jirgi, ta ƙi yarda a sa shi cikin kaya. Idan ta dafa bakinsa da soso, wani gum, gum yake fita da ba a kunne kake jin sa ba, a ƙirji yake sauka, sai ka ga matan da suka wuni suna goge benen asibiti sun miƙe suna rausaya kamar ba su san gajiya ba. Aikina na ranar Asabar shi ne sharar zauren da jera kujeru. A can lungu akwai gangunan jaz na masu zauren, an lulluɓe su da tsohon zanen gado. Da sunan kaɗe ƙura na fara taɓa su. Ƙurar da ta ƙi ƙarewa kenan har na iya kiɗa.

A gidanmu akwai abin da aka fi koya mana fiye da karatun boko, shi ne kara. Idan an miƙo miki abu, ba kya yin wuf. Za ki ce a'a, a bar shi, a ba wani. Idan kuma ke ce mai miƙawa, ba kya jin a'ar farko, ba kya jin ta biyu. Mama takan ce, "Baƙo in ya ce ya ƙoshi, ba da ke yake ba, da kunyarsa yake magana. Ke dai zuba." Na sha ganin ta ta bi mutum har bakin bas da kwano a leda. Abin hannu biyu ne: ɗaya ya ja baya, ɗaya ya jawo shi. Wanda ya ja baya ba ya tsoro, don ya san ba za a bar shi ya faɗi ba. Yau 'ya'yana in ka tambaye su ko za su ci, "No thanks, Mum," shi ke nan, sun gama magana, kuma da gaske suke. In suna so su ce suna so. Da can abin yana ba ni haushi, ina ganin rashin tarbiyya ne. Yanzu kuwa wani lokaci ina kallonsu ina jin hassada, don babu wanda zai cuce su ta inda aka cuce ni.

Bulus ɗan dattijon cocinmu ne. Uwarsa Saratu da Mama aminai ne, a kwano ɗaya muka ci, a bulala ɗaya aka dake mu ranar da muka fasa tagar zauren da ƙwallo. Shi ke riƙe jita a ƙungiyar matasa, yana da murya mai ɗan kaushi da 'yan mata ke so, da bakin da zai sayar maka da rigar jikinka. Na ukunmu Fuseini ne, Musulmi, ɗan mutanen Gana da ke zaune a Balsall Heath a Birmingham, ya zo jami'a a Manchester yana haya a layin bayanmu. A shagon da ake sayar da garin rogo ya ji muna gulmar mai shagon da Hausa, ya tuntsire da dariya, daga nan muka ƙulle. Dogo ne, ba ya son hayaniya, amma in ya rataya jitar bes sai ka rantse wani ne daban. A lokacin wani kiɗa ya cika garin, wanda ake kira pop-punk: jita mai ƙara, ganga mai gudu kamar an biyo ta, waƙa gajera mai amshin da ko jariri zai kama, duk a kan zafin kai da soyayyar da ta ƙi ci da gajiya da iyaye. Mu 'ya'yan da aka hana ɗaga murya a gida, da muka ji shi sai muka ji kamar an buɗe mana taga. Babu baƙar fata a cikin harkar, balle mace a kan ganga. Wannan ma ya ƙara mana taurin kai.

A ɗakin ƙasa na gidan su Fuseini muke gwaji, mun manna kwalayen ƙwai a bango wai don su shanye ƙara. Ba su shanye komai ba. Wata Asabar Mama ta zo kirana in je in tuƙa tuwo, ta tsaya a saman matakala ta toshe kunnuwa. Da muka koma gida mu uku muna cin abinci a kicin, ta ce, "Wannan ba kiɗa ba ne, jama'a. Kamar an ɗaura wa kare gwangwani a jela an sake shi a kasuwa." Fuseini ya ƙware da dariya har sai da aka buga masa baya. Sunan ya zauna daga ranar. Kafin kowace waƙa ni ke ba da alama: in ɗaga sanduna sama in haɗa su, in ƙwala, "Ɗaya, biyu, uku, huɗu!" da Hausa, don tsokana kawai. Ba a daɗe ba sai ga yaran Turawa, gashi kore da ja, suna ƙwala shi tare da ni. Wayyo, wannan daɗi! Ka zauna a bayan kowa amma kai ne ke tuƙa ɗakin gaba ɗaya, in ka ja su tafi, in ka tsaya su tsaya. Ban taɓa jin na isa ba kamar a kan wannan 'yar kujera mai ƙafa uku.

Mun sha hanya tsakanin Manchester da Birmingham a wata tsohuwar motar kaya da sai an tura take tashi. Ni ke zama a baya, rungume da babbar ganga, faranten ƙarfe suna ta ƙarau-ƙarau a kowane rami. Har yau in na ji warin fetur da jiƙaƙƙen kafet sai gabana ya faɗi. A Balsall Heath mahaifiyar Fuseini, Hajiya, ke sauke mu. Ba ta taɓa zuwa kallonmu ba, ta ce kunnenta bai kai nan ba, amma ba mu taɓa hawa dandali da yunwa ba. Wake da shinkafa irin na Gana, da yajin nan nasu baƙi da suke kira shito, sai hanci ya yi ta zuba. In Fuseini zai yi salla, ni da Bulus mu tsare ƙofar ɗakin kaya kada wani mashayi ya faɗo masa. In Lahadi ce, shi zai tuƙa mu zuwa Manchester don mu riski sujada, ya kwanta a mota yana jiranmu. Yanzu ina jin ana ta shirya taruka da lacca a kan yadda za a zauna lafiya tsakanin addinai. Mu ba wanda ya yi mana lacca, mota ɗaya kawai muke turawa.

Sai Allah ya kawo manaja. Bature ne mai fara'a, kullum da tabarau a saman kai, ya ga wasanmu ya ce zai samo mana kamfanin da zai fitar da faifai. Ya kuma samo. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin bai taɓa ɓoye abin da yake so ba. A studiyo aka sa min wani abu a kunne da na'ura ke buga ƙas, ƙas, ƙas, wai in bi shi daidai, kada in wuce kada in rage. Ni kuwa hannuna a gindin tulun Mama ya koyi lokaci. Kiɗana yana numfashi: in amshi ya zo nakan ɗan ja shi gaba, in baiti ya dawo in sassauta. A dandali wannan ne ke sa mutane tsalle. A studiyo kuwa mai ɗaukar sauti sai ya yi ta dafe goshi. Muka yi ta maimaitawa, kuɗin haya na tafiya, kowa ya gaji. Amma ina kama bugun na'urar a hankali, wannan na sani, su ma sun sani. Waƙoƙin farko sun riga sun zauna.

Ranar Juma'a ce da rana, Fuseini ya tafi masallaci. Daga baya na gane ba banza aka zaɓi wannan lokaci ba. Manaja ya kira ni da Bulus wani ɗan ɗaki mai injin shayi. Ya ce akwai wani makaɗi da ya saba aikin studiyo, zai iya gama sauran waƙoƙin cikin ƙanƙanin lokaci, a faifai kawai, dandali nawa ne. Ya ce amma ba zai yi komai ba sai da yardata. Ya dube ni yana jira.

Me 'yar gidanmu za ta ce? An sa ni a gaba, ana tambaya ko zan fifita kaina a kan 'yan'uwana. Bakina ya buɗe da kansa, da Turanci mai kyau na ce, in dai don ci gaban ƙungiya ne, ni ba komai, a kawo shi, kada in zame musu cikas. Na faɗa ina murmushi, hankalina kwance, don na san abin da ke biye. Bulus zai buga tebur ya ce, haba, wace irin magana ce wannan, ba Gwangwani in ba ke. Ni in sake cewa a'a, a bari dai. Shi ya rantse. Sannan in sunkuyar da kai in ce to. Haka ake yi. Haka uwarsa ke yi da uwata a kan cinyar kaza tun muna yara.

Na juya na dubi Bulus. Yana kallon kofin shayinsa, yana juya cokali a ciki, alhali ba ya shan sukari.

Manaja ya tafa hannu, ya ce ni mutum ce mai girman zuciya, ya rungume ni. Shi ban riƙe shi da komai ba har yau. Bature ya tambaya, an ba shi amsa, ya ɗauka. Amma Bulus? Da muka fito na tare shi a matakala, na koma Hausa.

"Bulus, ba ka ce komai ba."

"To ai ke kika ce ba komai, Mai-ganga," in ji shi. Sunan da suke kirana kenan. "Kowa ya ji ki. Nan Ingila ne, in mutum ya ce yes, yes ne."

Nan Ingila ne! Yaron da ko ruwa aka ba shi a gidanmu sai an yi masa tayi har ya gaji da ƙi. Ya san abin da na yi sarai, kamar yadda ya san sunansa. Ya ga na jingina da shi, ya zame. Wannan shi ne abin da ya ƙi barin raina duk shekarun nan, ba faifan ba.

Da Fuseini ya dawo ya ji, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Yaya, mu koma ciki ki ce kin fasa." Amma ina! Girman kai da kunya suka taru suka danne ni. In koma in ce wa Bature wasa nake yi? Mama da na ba ta labari ta ci gaba da tsince shinkafa. Can ta ce, "Ɗan Saratu ne ya yi shiru?" Na ce shi ne. Ta ce, "To." Daga ranar, in uwar Bulus ta zo gidanmu ana gaisawa lafiya lau, ana ba ta kujera, amma Mama ba ta ƙara bin ta da kwano ba.

Abin da aka ce a faifai kawai, bai tsaya a faifai ba. Faifan ya fita, ya karɓu, rediyo ta ɗauka. Aka ce za a zaga ƙasa, kuma mutane za su so su ji abin da suka saya daidai yadda yake, saboda haka makaɗin nan ya fara wannan zagayen, ni in huta in shirya wa na gaba. Ba wanda ya kore ni. Ba takarda, ba faɗa, ba sallama. Waya ce kawai ta daina ƙara. Wata rana na je ɗakin gwaji ɗaukar sandunana na tarar an ɗaga kujerata sama daidai tsawon wani. Na tsaya ina kallonta kamar wawiya. Fuseini ya daure ya zauna na ɗan lokaci, don ni na roƙe shi kada ya zubar da abincinsa saboda ni. Shi ma bai daɗe ba. Aka shirya zagaye a cikin azumi, wani kamfanin giya ya ɗauki nauyi, ana so a ɗauki hotonsu da kwalba a hannu. Ya ce shi dai a cire shi a hoton. Aka cire shi a hoton, aka cire shi a motar. Ya koma Birmingham ya kama tuƙin bas.

Daga nan sai abin ya zama kamar tashar mota, wannan ya sauka wancan ya hau. Wanda ya gaje ni ya yi faɗa da Bulus a kan wa ya rubuta me, ya tafi. Aka kawo wani mai zane har wuya, shaye-shaye ya kayar da shi. Aka ƙara mai jita na biyu, aka ƙara mai piyano lokacin da kasuwar kiɗan ta faɗi suna neman su yi laushi, masoyansu suka yi musu ihu, aka sallami mai piyanon. Sun watse, sun dawo, sun sake watsewa. Shi kansa manajan an rabu da shi a kotu. Yanzu da yaran da suka yi tsalle a gabanmu suka zama iyaye masu katin banki, suna son a tuna musu da ƙuruciya, sai ga Gwangwani ta farfaɗo. A duk wannan juyi abu biyu ne ba su canza ba: Bulus, da ƙirgen nan nawa. Kowane sabon makaɗi sai an koya masa ya ɗaga sanduna ya ƙwala ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na taɓa jin Bulus a rediyo ana tambayarsa asalin abin, ya ce al'adar kakanninsa ce ta Afirka. Kakanninsa! Ina wanke kwanuka na ji, saura kaɗan in fasa faranti.

Ni kuwa na yi aure, na haihu, na binne Baba, na binne Mama, na gaji tulunta. Ina aiki a teburin karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin unguwa, ina cewa mutane su zauna za a kira su. Rayuwa ce mai kyau, ban raina ta ba. Amma ƙarya nake in na ce hannuna ya manta. A kan sitiyari, a kan tebur, a kan cinyata a cikin sujada, yana nan yana bugawa. Abin da nake so bai wuce ɗaya ba, kuma ban taɓa faɗa wa ko mijina ba: in sake zama a kan kujerar nan sau ɗaya, in ƙirga da bakina, ɗaki ya amsa.

Bayan na ga hoton nan ba da jimawa ba Fuseini ya kira ni. Ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, ya kwanta a babban asibitin Edgbaston a Birmingham, an sallame shi amma hannun hagu ya ƙi dawowa. Ya ce, "Yaya, mutumin naki Bulus ya aiko wai zai zo duba ni ran Asabar. An ce yana so ya gayyaci tsofaffi zuwa wasan. Ki zo." Na ce me zai kawo ni. Ya ce in zo. Na ce ina da aiki. Ya ce, "Yaya, ki zo mana." Ka ji yadda ake yi. Kafin ranar, kullum in na dawo aiki sai in rufe ƙofa in jera matasan kujera in yi ta dukansu, har kafaɗa ta yi tsami. Na shiga jirgin ƙasa da sandunana a cikin jaka, a ƙarƙashin lemun da na saya wa mara lafiya.

Balsall Heath ta canza, amma gidan Fuseini ƙamshin gidan Hajiya yake yi, Allah ya ji ƙanta. Matarsa Ramatu ta gaji hannunta, ta kuma gaji halinta: ko mai karanta mita ya shigo sai ya fita da leda. Muna zaune da yamma Bulus ya iso, da turarensa da baƙin tabarau. Ya rungume Fuseini, ya yi masa sannu, har da 'yar ƙwalla. Ya juyo gare ni ya buɗe hannuwa.

"Mai-ganga! Kai, ba ki tsufa ba! Wallahi kullum kina raina." Ya zauna ya dafa ƙirji. "Wannan show ɗin naku ne. Ku kuka kafa abin nan. Ke musamman, dole ki hau ki buga mana ko waƙa ɗaya ce. Kujerarki ce, tana nan tana jiranki."

Na ji tsohuwar amsar ta taso min har bakin leɓe: haba, ni da na tsufa, a bar wa yara. Tarbiyyar Mama ce, ba ta mutuwa. Na haɗiye ta da ƙyar.

Na ce, "To. Zan buga. Wace waƙa, kuma yaushe ne gwaji?"

Daga kicin murfin tukunya na ta ƙara. Murmushin Bulus ya tsaya a fuskarsa ya rasa inda zai je. Ya cire tabarau, ya mayar. Ya ce, ai, wato, sai ya yi magana da management, masu kula da ƙungiyar. Ya ce akwai batun inshora. Ya ce yanzu komai da na'ura ake haɗa shi, fitilu da hotuna duk suna bin ƙas-ƙas ɗin nan, in aka kuskure kaɗan komai ya rushe. Ya ce amma zai sa a ajiye mana kujeru masu kyau a gaba, zai kuma ambaci sunanmu.

Sai a lokacin na gane. Ashe kara yake yi min. Ya yi tayin ne don ya tabbata 'yar gidanmu za ta ce a'a, ya tafi da hannunsa a wanke, ya ce ai na yi mata tayi ta ƙi. Ran da na ja baya ina jiran ya jawo ni, Bature ne shi, nan Ingila ne. Yau da yake bukatar in ja baya, ya tuna shi ɗan Saratu ne.

Fuseini ya ɗago hannunsa mai lafiya ya nuna shi. Maganarsa na fita a hankali tun ciwon. "Bulus, ta ce yes. Ba kai ka ce a nan yes, yes ne ba?"

Bulus ya duba agogo, ya ce ana jiransa. Daidai nan Ramatu ta fito da babban tire, wake da shinkafa na tururi, ga shito, ga soyayyen kifi, ƙamshin ya cika ɗakin. Na ga maƙogwaron Bulus ya motsa. Rabonsa da wannan abinci tun zamanin tsohuwar motarmu.

Ramatu ta ce, "Ga abinci."

Ya ce, "Ayya, na gode, na ƙoshi."

Ta ce, "To." Ta ɗauke farantin da ta ajiye a gabansa ta mayar kicin.

Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, hannu a kan mariƙi, yana jiran tayi na biyu. Na san wannan tsayuwar, na san yadda take ci a ciki, don na taɓa yin ta a kan matakalar studiyo. Ba wanda ya sake yi masa tayi. Ya buɗe ƙofa ya fita.

Na so a ce na ji daɗi. Ban ji ba. Kujerata dai ba ta dawo ba, ba kuwa za ta dawo ba, wani yaro ne zai hau ta ya ƙwala ƙirgena, dubban mutane su amsa masa. Ramatu ta tura min faranti, na ce mata ba zan iya ba, cikina a cushe yake. Ko kallona ba ta yi ba, ta ƙara cokali biyu ta ɗora kifi a kai. Na ci ina share ido da bayan hannu. Da zan tafi na zazzage wa Fuseini lemunsa a tebur, sandunan suka biyo su suka faɗo ƙasa, suka gangara har gaban ƙafarsa. Ya dube su, ya dube ni. Ya sunkuya da ƙyar ya tsince su da hannu ɗaya, ya miƙo min.

Na ce, "Bar su nan, Fuseini. Me zan yi da su?"

Ya ce, "Karɓi, Yaya."

Na ce a'a. Bai sauke hannun ba.